Tekun da Ya Sha Turaren Hajiya

Kai jama'a, ku tsaya ku ji! Na ɗauko farin bokitin nan na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, na leƙa, wallahi sai da na yi salati a fili. Ruwan ya koma kamar shayin da aka tsoma wa ganye sau ɗaya aka cire. Ruwan da na haɗa da hannuna kwana tara kacal, wanda ranar in kin zuba shi a kofin gilashi sai kin sa yatsa za ki yarda akwai wani abu a ciki. Karo na uku ke nan a wata biyu. Hajiya Yagana, matar gidan, tana tsaye a kaina hannu a ƙugu, ta ce, "To Malamar kifi, yau kuma me littafin naki ya ce?"

Babu wani littafi, waya ce kawai. Amma bari in gaya muku ko ni wace ce tukuna, kada in bar ku a hanya. Sunana Sa'adatu, a unguwar Soron Ɗinki nake, sana'ata haɗa tankin kifin ado a gidajen mutane da kula da shi. Shekarata shida a ciki. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Babanmu mai yankan gilashi ne, da ɓarɓashin da ya rage a shagonsa na liƙa tankina na farko, sauran kuma bidiyo ne na Turawa, in kalla, in tsayar, in mayar baya, in sake kalla har sai na gane. Kuma da yake ni mace ce, ina shiga har ƙuryar da namiji ba zai shiga ba, shi ya sa yawancin masu kirana 'yan cikin gari ne.

Ƙawayena suna cewa, "Ke dai kin samu aikin banza, zuba ruwa da watsa abinci." Na kifin ruwan daɗi ma ba haka yake ba, balle na ruwan gishiri. Ku yi tunani fa: teku ce za ki haɗa a cikin ɗaki, a Kano, garin da in kika hau mota sai kin yi yini guda cur ba ki ga bakin teku ba. Kuma kifin da aka ɗebo daga can ya shiga ya zauna, ya yarda cewa gida yake. Ni har yau abin bai daina ba ni mamaki ba.

Shekarata ta biyu ita ce shekarar da na sha wuya. Na ji an ce ruwan gishiri, sai na je kanti na sayo gishirin miya, na ɗebo ruwan rijiyarmu na dama, na sa kifi huɗu da aka turo min daga Legas. Kafin la'asar babu ko ɗaya mai motsi. Ashe gishirinsu daban ne, a buhu yake zuwa, da sinadarai kala-kala a ciki irin na teku, kuma ruwan ma sai tacacce, irin wanda masu ruwan leda suke tacewa, shi nake zuwa saya a jarka. Da na gane wannan sai na faɗa wani ramin. Zafi yana shanye ruwan tanki, ni kuma ina cikawa da ruwan gishiri. Ban san ruwa ne kaɗai yake tashi ba, gishirin yana nan. Na yi ta ƙara gishiri a kan gishiri har na kashe wasu uku. Daga nan na sayi ma'aunin gishiri, wani ɗan abu kamar tocila, ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ki leƙa ta ido guda, ya nuna miki layi. Shi da tiyo da farin bokiti, ba na fita ba su.

Farin bokitin nan kada ku raina shi. Ido yana sabawa da launi, in kina kallon tanki kullum ba za ki san ya canza ba, sai kin ɗebo ruwan kin zuba a farin abu. Kuma kowane launi da maganarsa. Kore, rana ce take dukan tankin. Fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, an cika abinci ne, ko wani ya mutu a bayan dutse. Rawaya kuma datti ne da ya narke, wanda ba auduga ko soson da zai kama shi. Maganinsa canjin ruwa da wani gawayi na musamman, ba na gasa masara ba. Na san duk wannan, na iya shi kamar sunana. Shi ya sa aikin wani gida a unguwar Koki ya kusa sa ni kuka.

Gidan Baba Alhaji Bukar ne, tsohon gida mai kaurin bango, mutanen Barno ne amma a nan Kano aka haifi 'ya'yansu duka. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke, sai dai gurnani da nuni da hannun hagu. Babban ɗansa, Yaya Mustafa, shi ya kira ni. Ya ce Baba tun yana yaro ya bi iyayensa aikin Hajji ta ƙasa, suka tsallaka teku a jirgin ruwa, kuma har ya tsufa ba ya gajiya da ba su labarin kifayen da ya gani a ƙarƙashin jirgin, masu launin da ba a rina irinsa. Ya ce, "An sa masa talabijin, ba ya kallo. Ki gwada masa wannan."

Na haɗa tanki mai tsawon ƙafa huɗu daidai gaban kujerarsa. Farin yashi, duwatsu, kifi biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, ɗaya shuɗi shar, ɗaya rawaya mai dogon baki. Da wata halitta kamar fure, amma ba fure ba ce, tana ci tana motsi, masu ɗamarar nan a cikinta suke kwanciya. Da dodon koɗin teku guda biyu masu share yashi. A akwatin da ke ƙarƙashin tankin na sa injin kumfa. Shi wannan injin iska yake zuƙa ta wani siririn tiyo, ya kaɗa ta da ruwa ta zama kumfa, kumfar ta kwaso datti ta tara a wani kofi a sama. Wata bakwai ruwan nan garau. Baba daga sallar asuba aka zaunar da shi, idonsa na kan gilashin. Hajiya ta ce har abinci ya fi ci in aka juyo da shi wajen.

Sai bazara ta shigo. Kifin teku ba ya son zafi, don haka na ce musu a rufe tagogi, a saki labule, a bar na'urar sanyi tana aiki, tunda akwai sola. Suka yi yadda na ce. Bayan sati uku ruwa ya fara rawaya. Na canza, na sa sabon gawayi, ya washe, ya dawo. Na rage abinci. Na ɗaga kowane dutse ina neman mushe, babu. Na canza wajen sayen ruwa. Na zargi gishirin, na buɗe sabon buhu. Furen nan ya tsuke ya koma kamar tsumma. Kifaye suka riƙa hawowa sama suna haki. Ranar da na ba ku labari a farko, ranar muka tsinci rawayan nan mai dogon baki a kwance a kan yashi. A gaban Baba na sa raga na ɗauke shi. Ya bi hannuna da ido har na fita.

Yaya Mustafa ya same ni a soro. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Sa'adatu, kin yi ƙoƙari. Amma ni na kawo abin nan don ya ji daɗi, ba don ya zauna yana kallon suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Ranar Juma'a in na taso daga masallaci zan zo da masu ɗauka. In ruwan bai gyaru ba a fitar da shi." Ranar Asabar ce. Kwana shida ke nan.

Ni kullum da hantsi nake zuwa gidan, in gama kafin azahar. Ran Lahadi wani aiki ya riƙe ni wajen Ƙofar Dawanau, ban iso ba sai bayan la'asar. Ina durƙushe na buɗe akwatin ƙasa ina duba injin, sai Hajiya ta shigo da kasko. Ta ajiye shi kusa da ƙafar Baba, ta buɗe kwalba ta barbaɗa turaren wuta a kan garwashin. Hayaƙi ya tashi, fari, mai kauri. Wani ɗan haske ya shigo ta gefen labule ya ratsa shi. Ina kallo, sai na ga hayaƙin ya miƙe sama, ya yi kamar ya tsaya, sai wani zare daga cikinsa ya lanƙwaso. Ya sauko. Ya bi ta gefen kunnena, ya shige bakin siririn tiyon nan kamar ana jan sa da hannu.

Na bi shi da ido: tiyo, inji, kumfa, ruwa. Injin da na sa don ya wanke ruwan, shi yake ɗura masa turare safe da yamma, a ɗakin da ni da bakina na ce a rufe ruf.

Kuma ku ji inda abin kunyar yake. Kullum na shigo ɗakin nan ina jin ƙamshin. Mayafina ma da shi nake komawa gida. Amma ban taɓa lissafa shi a cikin abubuwan da ke ɗakin ba. Wace 'yar Kano ce za ta shiga ɗakin babbar mace ta ji turare ta ce ga wani abu? Ai iska ce kawai a wajenmu. Su kuma masu bidiyon nan ba wanda ya taɓa ganin kasko, balle ya gargaɗe ni.

Na ciro kofin injin, da baƙin ruwan da ya taru a ciki. Da ma warinsa kamar kwata yake. Na miƙa wa Hajiya na ce, "Hajiya, don Allah ki ɗan shinshina."

Ta ja da baya. "Ke 'yar nan, kashin kifin zan shinshina? Haka aka koya muku a wayar?"

"Don girman Allah, sau ɗaya."

Ta yatsina fuska ta kawo hanci. Ta sake kawowa. Ta ce, "Sandal." Ta lumshe ido. "Da gajiji. Wannan haɗin da na yi bayan sallah ne, wanda sukarinsa ya ɗan ƙone." A cikin wannan ɗoyin fa! Ni ban ji komai ba sai wari, ita kuwa har ta gane wace tukunya ce. Ashe turare sana'arta ce tun tana budurwa, daga kakarta ta gada, amare daga unguwa-unguwa wajenta ake zuwa.

Na yi mata bayani. Tana ji fuskarta tana canzawa. Da na kai inda na ce sai dai a daina turare a ɗakin, ta ce, "Dakata." Ta ja ni waje inda Baba ba zai ji ba.

"Kin san ɗakin majinyaci? Kin taɓa jinyar babban mutum? Mutumin nan shekara hamsin ba wanda ya taɓa wucewa kusa da shi bai ji ƙamshi ba. Yanzu abokansa su zo duba shi su ji warin magani da fitsari? A gidana? Ina raye?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Kifi ne. Kwashe abinki tun yau, kada ma ki jira Mustafa."

Gaskiya ta faɗa. Na ɗauko bokitai na cika su da ruwan tankin, na ce ko ba komai in tsira da ran waɗanda suka rage. Na fara da masu sauƙin kamu. Na sa hannu na ɗago dodon koɗi ɗaya daga yashi. Da ya ji iska sai ya zuƙe jikinsa ciki, ya ja wani ɗan murfi ruwan ƙasa, mai lanƙwasa da tsini, ya rufe bakin gidansa.

Hajiya tana bakin ƙofa. Ta ce, "Tsaya. Juyo min da shi."

Na juyo. Ta matso har numfashinta yana taɓa hannuna. Sai ta fita da sauri, ta dawo da wani tsohon gwangwani. Ta zazzage a tafin hannunta. Wasu 'yan abubuwa ne busassu, ruwan ƙasa, masu lanƙwasa da tsini. Ta ɗauki ɗaya ta kara kusa da murfin dodon. Jama'a, kamar an cire shi daga jikinsa.

Ta ce, "Farce ne. Wallahi farce ne."

Ku da ba ku sani ba, farce wani abu ne da masu haɗa humra da turare suke saya da tsada, shi yake riƙe ƙamshi ya daɗe a jikin kaya. Na ciro waya na bincika a tsaye a wurin, hannuna yana ɗigar ruwa. Haka ne. Murfin dodon koɗin teku ne, daga can gaɓar da Baba ya tsallaka ake kawo shi.

Hajiya ta zauna a hannun kujera. "Kakata ta ce min farcen wata dabbar daji ce a Sudan. Shekara arba'in ina wanke shi, ina soya shi, ina daka shi. Ashe ƙofar gidan wani bawan Allah ce." Ta juya wajen mijinta. "Alhaji, ka gani? Wata tara yana yawo a gabana ban gane shi ba." Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ta ce min, "Mayar da shi ruwa, kada ya galabaita."

Na mayar. Muka tsaya mu uku muna kallo har ya buɗe ƙofar, ya fito da idanunsa guda biyu a kan 'yan sanduna, ya dogara da farcen nan ya yi tsalle ɗaya a kan yashi. Hajiya ta ce, "Ikon Allah."

Can ta ce, "Ta ina kika ce injin naki yake shaƙa?"

Na nuna mata tiyon.

"To ai hanci ne. Shi hancin dole sai a ɗakin nan zai zauna? Ki ƙara masa tsawo mana, ya shaƙi ta waje."

Shekara shida ina kallon bidiyo, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Washegari da sassafe na zo da tiyo mai tsawo, na zaɓi mai ɗan faɗi don kada injin ya wahala wajen zuƙa. Na bi da shi ta bayan labule, na haura da shi ta wata 'yar taga da ke can sama kusa da rufi, ya leƙa bayan gida inda ba a girki. Na yanko gilashi a shagon Babanmu na yi wa tankin murfi, don saman ruwa ma yana shan hayaƙi. Hajiya kuma, ba ni na roƙe ta ba, ta ce za ta riƙa turara kayan Baba da zannuwan gadonsa a ɗakinta ta kawo, kasko kuma sau ɗaya a rana, a buɗe taga har hayaƙin ya fita. Na canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ran Litinin, na sake ran Laraba. Gawayin kaɗan-kaɗan na riƙa sawa, saboda in ruwa ya washe farat ɗaya haske yana yi wa furen nan yawa.

Ran Talata babu wani canji. Ran Laraba kifaye suka bar saman ruwa. Ran Alhamis na ɗebo a farin bokiti na kai bakin ƙofa, na ga gindin bokitin fari, sai ɗan alamar da in ba ni ba ba mai gani. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne shuɗin kifin nan. Wata biyu ina ganinsa kamar kore-kore, har na manta asalinsa. Ranar ya fito daga bayan dutse, shuɗi kamar an kunna masa fitila a ciki. Furen ya fara buɗe yatsunsa, masu ɗamara sun koma ciki suna birgima.

Ran Juma'a Yaya Mustafa ya zo kamar yadda ya ce, da mutum biyu suna jira a soro. Ya shigo da babbar rigarsa ta masallaci, ya tsaya a gaban tankin ya sunkuya yana dubawa. Ya daɗe. Ya ce, "Ya yi kyau, amma ai haka ya yi ta yi yana dawowa. Wa ya tabbatar min nan da sati biyu ba za mu sake ɗaukar gawa a gabansa ba?" Na fara bayanin tiyo, Hajiya ta fara nata, ya ɗaga hannu yana cewa shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Duk wannan yana tsaye ne tsakanin Baba da gilashin, rigar nan ta rufe komai.

Sai muka ga hannun hagun Baba ya miƙo ya kama gefen rigar ya ja. Bakinsa ya yi ta motsi, ya yi ta motsi. Sannan ya ce, a fili, kowa ya ji:

"Kauce."

Yaya Mustafa ya kauce. Ya tsaya a gefe yana kallon mahaifinsa, mahaifinsa yana kallon kifi. Hajiya ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Bayan ɗan lokaci Yaya Mustafa ya leƙa soro ya ce wa mutanen su tafi, Allah ya ba da lada.

Wata biyar ke nan, ruwan yana nan garau. Matsala ɗaya ta rage min, kuma a nan nake neman ku. Zanzaro ya gano bakin tiyon nan na waje, sau biyu yana toshe min shi da laka. Na ɗaura raga, iska ta ragu. Na cire, ya dawo. In akwai wanda ya san dabarar da zan yi masa, don Allah ya faɗa min. Ku kuma masu tanki a gida, na gishiri ko na ruwan daɗi, wane launi ruwanku ya taɓa komawa, kuma me kuka tarar a ƙarshe? Ku rubuto, ko da abin kunya ne, ai kun ji ni da gishirin miya na fara.